Sitika Ba Kumfa Ba Ce Kawai: A Auna Ta Kamar Magani



A daminar bara wani dattijo daga ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu na gama kai ya aiko yaro da sassafe ya kira ni. Da na isa na tarar da shi tsaye a bakin ɗan kududdufin da ya haƙa bayan gida, hannuwansa a baya. 'Ya'yan tarwaɗan da ya ci bashin ƙungiya ya saya sun taso sama, ciki fari fat. Da muka bi sawu sai muka gane ɗansa ne ya dawo daga feshin ciyawa da maraice, ya juye ɗan abin da ya rage a gindin famfo, ya ɗauraye famfon da kwalbar sitika a lambatun da ke kai ruwa kududdufin. Yaron ya ce mini, "Malam, ai maganin ya ƙare tun a gona. Kumfa ce kawai ta rage."

Wannan magana ta yaron ita ta sa na ɗauki alƙalami, gama ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Yawancinmu mun ɗauka cewa a cikin tankin feshi abu ɗaya ne mai haɗari, watau maganin kansa, sauran kuwa ruwa ne da kumfa. Muna auna maganin da hankali domin yana da tsada, amma sitika sai mu tuttula da ido. In babu ita mu aiki yaro kanti ya sayo omo. Ra'ayina shi ne wannan kuskure ne babba, kuma ya kamata kwamitin kowace ƙungiya ya sa doka a kansa kafin damina mai zuwa. Amma ba na so ku karɓa don ni na faɗa. Bari in nuna muku abin da kumfar nan take yi, sa'an nan ku yanke hukunci da kanku.

Kowa ya taɓa ganin raɓa a kan ganyen gwaza. Ruwan ba ya jiƙa ganyen, sai ya dunƙule kamar ɗan duwatsun wuya, ya mirgina ya faɗi. Haka ganyen albasa da na kabeji. Dalili kuwa shi ne Allah ya lulluɓe ganye da wani ɗan kaki mai maiƙo, ruwa da mai kuwa ba sa shiri. In ka fesa magani a irin wannan ganye, rabin kuɗinka a ƙasa zai ƙare. Shi ya sa aka ƙirƙiro abin da masu sayar da magani suke kira sitika. Ita dangin sabulu ce. Kowace ƙwaya tata tana da kai da wutsiya: kan yana son ruwa, wutsiyar tana son mai. Saboda haka sai ta tsaya tsakani kamar dillali, ta kama ruwa da hannu ɗaya, ta kama maiƙon ganye da ɗaya hannun, ɗigon ya baje ya manne. Wannan aiki ne mai kyau, ba ni da ja a kansa.

Dangin sabulu iri-iri ne. Sabulun wanka da omo kansu yana ɗauke da caji, irin na kan batir. Sitikar da akan rubuta a takardar magani cewa a yi amfani da ita kuwa galibi marar caji ce. An zaɓe ta ne domin ba ta faɗa da maganin da aka gauraya ta da shi, kuma ruwan rijiya mai zartsi da alli, wanda sabulu ba ya yin kumfa a cikinsa, ba ya kashe ƙarfinta. Shi ya sa za ka ji ana cewa tana da laushi. Kalmar nan "laushi" ita ke ruɗin mutane. Laushinta ga magani ne. Ga abu mai rai kuwa, labarin daban ne.

Duk abin da ke da rai, daga ganyen masara har idon mutum, an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani, su ne masana ke kira ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki yana da bango, amma bangon ba na laka ba ne, ba na ƙashi ba ne. Tantani ne na mai. Sunan man a bakin masana fosfolifid, kuma ba baƙon abu ba ne a gidajenmu: yana da yawa a gwaiduwar ƙwai da waken soya. Shi ma yana da kai mai son ruwa, amma wutsiyoyinsa biyu ne masu gudun ruwa. In ya sami kansa cikin ruwa sai ya jeru sahu biyu, wutsiya na duban wutsiya a tsakiya, kawuna suna waje suna duban ruwa ta kowane gefe. Wasu masana biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su suka fara nuna cewa sahu biyu ne, a shekarar 1925, da suka auna man da suka ciro daga jajayen ƙwayoyin jini. Siririn tantanin nan ya wuce misali. Sai ka jera fiye da dubu goma, wani kan wani, kafin su kai kaurin takardar nan da ke hannunka. Duk da haka shi ke riƙe da rai. Shi ke hana gishiri da zaƙi da ruwan da ke cikin ɗakin su zube, shi ke tare abin da bai kamata ya shiga ba.

Abin lura a nan shi ne babu siminti a wannan bango. Ba abin da ya ɗaure ƙwayoyin man da juna sai gudun ruwa da wutsiyoyinsu ke yi. To, ga sitika ta iso, ita ma da wutsiya mai son mai. Ina za ta nufa? Ba ta san bambancin kakin da ke bayan ganye da man da ke bangon ƙwayar halitta ba. Duk inda ta ga mai, nan take cusa wutsiya.

Wanda ya taɓa gini zai gane abin da ke biyo baya. Fosfolifid, da yake wutsiyarsa biyu ce, faɗinsa ɗaya sama da ƙasa, kamar bulo, don haka yana yin bango miƙaƙƙe. Sitika kuwa kanta ƙato ne, wutsiyarta ɗaya siririya, siffarta kamar wejin da ake faskare itace da shi. Jera weji da weji ba zai ba ka miƙaƙƙen bango ba, sai dai zobe. In ƙwayoyin sitika kaɗan ne suka kutsa, bangon yana nan tsaye, sai dai ya saki, ya fara yoyo. In suka ƙaru, bangon ya ƙoshi har ba ya iya ɗauka, sai ramuka su buɗe, gutsattsari su fara ɓallewa. In aka ƙara kuma, bangon ya watse gaba ɗaya ya zama ƙananan dunƙule na mai da sitika suna yawo cikin ruwa, ɗakin ya zube abin da ke cikinsa. Wannan bayani na hawa uku masana sun daɗe da shi. Helenius da Simons na ƙasar Finlan sun yi dogon rubutu kan yadda dangin sabulu ke narkar da tantani tun 1975. Abin da ke raba hawa na farko da na ƙarshe ba wani sabon sinadari ba ne. Yawa ne kawai. Abu ɗaya ne, kwalba ɗaya ce, hannun mai zubawa ne ya bambanta.

A ɗakunan bincike na duniya, in ma'aikaci yana so ya fasa ƙwayar halitta ya ciro abin da ke ciki ba tare da ya lalata shi ba, irin wannan marar cajin yake ɗaukowa. Wanda ya fi suna ana ce da shi Triton X-100. Yakan zuba kashi 1 cikin 100, wani lokaci ma kashi ɗaya cikin 1,000 ya isa. In aka ɗiga shi a jinin da aka tsinka da ruwan gishiri, nan da nan jinin da ke da duhu ya koma ja garau kamar zoɓo, domin ƙwayoyin sun fashe. Ku riƙe lissafin nan na kashi 1 cikin 100, za mu komo gare shi.

Ba sai kun je ɗakin bincike ba. Lokacin da nake koyarwa na sha yi wa 'yan makaranta wannan gwaji, kuma kowace ƙungiya tana iya yin sa bayan sujada. A sami jan alayyafo ɗanye, a yanka karansa ƙanana, a ɗauraye sosai har ruwan ya daina ja. A raba cikin kofi biyu na gilashi, ɗaya da ruwa zalla, ɗaya da ruwa da ɗan sitika. A bar su su kwana. Wanda ke da sitika zai fi yin ja, gama launin a cikin ɗakunan yake a kulle, sai bango ya huje yake fita. Ba wuta, ba tafasa, amma alayyafon ya zubar da jininsa. Wannan dalili ne kuma ya sa a shekarar 2020 aka dame mu da wanke hannu da sabulu, domin ƙwayar cutar korona rigar mai take sanye da ita, sabulu kuwa yana yage rigar.

Yanzu mu koma gona mu yi lissafi. Takardun magani da yawa sukan ce a sa sitika wajen kashi ɗaya cikin 400 na ruwan feshi, wasu ƙasa da haka. A famfon goyo mai lita 16, wannan mililita 40 ke nan, bai kai cokalin cin abinci uku ba. Amma mene ne ma'aunin manomi a ƙasar nan? Gwangwanin madara. Ƙaramin gwangwanin madara yana cin wajen mililita 150. Wanda ya cika shi ya juye a famfo ya kusa ninka ƙa'ida sau huɗu, ya kai kusan kashi 1 cikin 100, watau daidai ƙarfin da ma'aikacin bincike ke narkar da ƙwayar halitta da shi da gangan. Sa'an nan ya goya wannan a bayansa, famfon yana yoyo, ya yini yana fesa wa tumatir da barkono da tsakar rana. Bayan kwana biyu ya ga bakin ganye ya ƙone, fure yana zuba, ya ce ai maganin jabu aka sayar masa. Jabu yana nan a kasuwa, ba na musu. Amma sau da yawa da na bincika, maganin lafiyarsa ƙalau, gwangwani ne ya yi ɓarnar.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne wajen maganin ciyawa mai gilaifoset, wanda ya fara shiga kasuwa a 1974 da sunan Roundup, yau kuwa yana da sunaye barkatai. Shi wannan magani ba ƙona ciyawa yake yi ba. Shiga yake yi ta ganye, ya bi hanyar da abincin tsiro ke bi, ya gangara har saiwa ya kashe ta daga can. Yana bukatar ganyen ya zauna da rai na 'yan kwanaki domin ya kai saƙon. Shi ya sa a kan tofa da aya-aya da ƙiri-ƙiri yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin a ga aikinsa sosai. Manomi mai gaggawa ba ya son wannan jira. Sai ya ƙara sitika, ya ƙara omo, washegari ya ga ganye ya yi baƙi, ya yi murna ya ce magani ya ci. Alhali kuwa ya fasa ɗakunan ganyen ne tun maganin bai wuce ba. Ya kashe ɗan aike a bakin ƙofa. Saiwar tofa tana ƙasa lafiya lau, bayan mako uku ta tofo kamar an yi mata taki, shi kuwa ya koma kanti. Ƙari a kan haka, yawancin magungunan gilaifoset da ake sayarwa an riga an sa musu nasu dangin sabulun a cikin kwalba. In ka girgiza ka ga kumfa, shi ne. Mai ƙara wani a kai yana sayen abin da ya riga ya biya ne.

Na san abin da wasu za su ce game da omo, gama an sha faɗa mini a taro. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓullo a Afirka ta Yamma a 2016, manoma da yawa sun zuba ruwan omo a kan masara, sun ga tsutsa ta fito ta mutu. Ban ce ƙarya suke yi ba. Ruwan sabulu yana kashe ƙwari masu taushin jiki, domin yana jiƙa su ya shiga ƙananan ƙofofin da suke numfashi da su a gefen jiki, yana kuma ɓata musu tantani. Mutumin da masararsa ke lalacewa a gabansa, ba shi da kuɗin magani, ba zan tsaya ina yi masa wa'azi ba. Haka kuma ɗan gutsuren sabulu da muke koya muku ku narkar cikin jiƙon 'ya'yan darbejiya yana da amfani, kaɗan ne kuma. Abin da nake ƙi shi ne gauraya omo da maganin kanti a tanki ɗaya. An yi omo ne don wanki. Yana da caji, yana kuma ɗauke da wani gishiri mai kaifi irin na kanwa, wanda ke sa datti ya saki tufafi. Magungunan ƙwari da dama suna lalacewa da sauri a ruwa mai irin wannan kaifi. Ka sayi magani da tsada, ka rage masa ƙarfi da omon naira kaɗan, sa'an nan ka ƙona ganye a kan hanya. Wannan ba tsimi ba ne.

To, ruwa fa? A nan ne maganar dattijon nan ta shigo. Ganye yana da kaki da ke kāre shi, mutum yana da fata mai kauri. Kifi ba shi da wannan gata a inda yake numfashi. Jajayen ganyayen nan da ke ƙarƙashin kumatunsa tantani ne tsirara, ruwa yana bi ta kansu dare da rana. Haka fatar talibamban, watau 'ya'yan kwaɗi. Irin sitika masu zafi, cokalin shayi ɗaya cikin ruwa durom biyar ya isa ya hallaka ƙananan kifaye. Tun 1979 masu bincike a Amurka suka gwada gilaifoset shi kaɗai, suka gwada dangin sabulun da ake haɗa shi da shi, wanda ake yi da kitsen shanu ana kiransa POEA, suka tarar abin haɗin ya fi maganin kansa dafi ga kifi nesa ba kusa ba. A 2005 wani malami a Jami'ar Pittsburgh, Rick Relyea, ya nuna cewa irin wannan haɗin yana kashe kusan dukan talibamban da ke cikin tafkunan gwajinsa. A 2016 Tarayyar Turai ta hana a sa POEA cikin maganin gilaifoset. Ku lura, a wannan shekara ba maganin suka hana ba, kumfar suka hana. Akwai kuma wani dangin marar caji mai suna nonilfenol, wanda aka daɗe ana yin sitika da shi. In ya ruɓe cikin kogi yakan bar wani abu da ke rikita haihuwar kifi, har namiji ya fara nuna alamun mace. Turai ta taƙaita amfani da shi tun 2005. Dokar Turai ba ta bin kwalba zuwa kasuwar ƙauyenmu, takardar jikin kwalbar kuma sau da yawa ba ta faɗin wane iri ne a ciki. Saboda haka mai hankali zai ɗauki kowace iri a matsayin mai zafi.

Wani zai ce mene ne ruwansa da kwaɗo. Mai noman shinkafa a fadama ya tambayi kansa wa ke cinye masa ƙwari da dare ba lada. Mai amya kuma ya tuna cewa ruwan sabulu yana kashe ƙudan zuma kamar yadda yake kashe tsutsa, don haka feshi a kan fure da hantsi, lokacin da suke kiwo, asara ce biyu.

Kakanninmu sun san wannan ilimi ta wata hanya. Itacen aduwa yana da wani abu mai kumfa, shi ya sa aka yi wanki da shi, shi ya sa kuma masunta suka san in an daka ɓawonsa an zuba a ruwa mai kwanciya kifi yakan taso. Masana suna kiran abin safonin. Shi ma kai mai son ruwa ne da jiki mai son mai, shi ma tantani yake hudawa. A 1933 wani likita a Sudan mai suna Archibald ya ba da shawara a yi amfani da 'ya'yan aduwa a kashe dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. A 1964 kuma wani masanin Habasha, Aklilu Lemma, ya lura cewa a wani rafi kusa da garin Adwa, ƙasa da inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai suna endod, dodon-koɗi sun mutu birjik, sama da wurin kuwa suna nan da rai. (Sunan garin da na itacenmu sun yi kama, amma katari ne kawai.) Daga wannan lura ya gina aikin yaƙi da tsargiya wanda ya jawo masa lambar yabo ta duniya a 1989. Na kawo wannan ne domin masu cewa abin da ya fito daga itace ba ya cuta. Kifi bai san na itace da na kwalba ba. Kuma dattawan da suka hana a zuba aduwa a tafkin da gari ke sha ba su karanta fosfolifid ba, amma sun ga gawar kifi sun gane.

Kada kuma a ɗauka ina cewa dukan marasa caji guba ne. Akwai masu sanyi ƙwarai, kamar Tween 80, wanda ake sa ɗan kaɗan cikin wasu abinci na kanti da alluran rigakafi, domin siffarsa ba ta faskara bango da sauƙi. Amma ba shi ake cika mana a kwalbar sitika ba, kuma ba mu da hanyar ganewa da ido.

Saura jikin mai feshi. A nan ina magana da iyaye, gama yawanci samari muke aikawa. Abin da ya iya buɗe wa magani hanya ta kakin ganye yana iya buɗe masa hanya ta maiƙon fata. Rigar da ta jiƙe da yoyon famfo tun safe har azahar tana shayar da bayan yaro magani ne a hankali, zafi da gumi suna taimakawa. Ido kuwa ba shi da kāriya ko kaɗan, tantani ne a fili. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta yana gudana har minti 15, a duba agogo, kada a yi kintace. In wani ya sha, da kuskure ko da gangan, kada a tilasta masa amai, gama kumfar tana iya komawa huhu. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A kai shi asibiti maza, a tafi da kwalbar. Likitocin Japan sun rubuta tun 1988 cewa a cikin waɗanda suka sha maganin gilaifoset, ga alama dangin sabulun da ke ciki ne ya fi yi musu lahani.

Littafin Farawa ya nuna mana cewa aiki biyu aka ba mutum a gonar farko, nomanta da kiyaye ta. Mun ƙware a na farkon. Ga abin da nake roƙon kwamitocinmu game da na biyun, ba kuwa abu ne mai cin kuɗi ba.

Kowace ƙungiya ta sayi sirinji manya, masu mililita 20, marasa allura, a ɗaura ɗaya da igiya a jikin kowane famfo, a yi masa jan fenti domin kada ya koma ɗakin magani ko hannun yara. Gwangwanin madara ya koma wa mai shayi. Magatakarda ya karanta takardar kowane magani da ƙungiya ta sayo, ya rubuta da Hausa a allon sito: wannan yana bukatar sitika, mililita kaza a famfo, wannan ba ya bukata. Inda takarda ba ta ce a sa ba, kada a sa. Wannan kaɗai zai rage wa ƙungiya kuɗin sitika, a sayi safar hannu da tabarau da rarar.

Wurin wanke famfo shi ne abin da na fi so a yi gardama a kansa a taro, domin na san zai yi wuya. Mai feshi ya gaji, rafi yana kusa, ruwa kyauta. Amma rafin nan shi mata ke ɗiba a ƙasa, shi ke shiga kududdufin maƙwabci. A ɗebo ruwa da bokiti a wanke famfon a cikin gonar da aka fesa, a ɗauraye sau uku, a fesa ruwan ɗaurayar a gefen gonar nesa da rijiya da lambatu. Ƙasa tana riƙe yawancin waɗannan abubuwa, ƙananan halittun cikinta su ruɓar da su a hankali, abin da ruwa mai gudu ba ya samun zarafin yi kafin ya kai ga kifi. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta cikin tanki tun ana haɗa magani, sa'an nan a huda ta, kada ta zama gorar man gyaɗa. Ina ba da shawara wanda aka kama yana wanke famfon ƙungiya a rafi a hana shi aron famfo har ƙarshen damina. Wasu za su ce na tsananta. Su je su tambayi dattijon nan, wanda har yanzu yake biyan bashin kifin da bai ci ko ɗaya ba.

Shi dai ya kwashe ruwan kududdufin, ya bar shi ya sha rana, ya toshe lambatun ya juya shi wata hanya, bana kuma ya sake zuba 'ya'yan kifi. Ɗansa ne yanzu ke riƙe da sirinjin ƙungiyarsu. A zagayen da zan yi kafin saukar ruwan fari zan zo da jan alayyafo da kofuna biyu. Ku kuma kowa ya zo da kwalaben da ke ɗakinsa, na magani da na sitika, mu karanta takardunsu tare.